Ba Sanin Sanadin Farfaɗiya Ke Tsare Mai Ita Ba

Yawancin takardun tambayoyin da masu bincike ke auna sanin mutane kan farfaɗiya da su, ƙarfinsu a kan tambaya ɗaya yake: me ke kawo ta? Wanda ya ce matsalar ƙwaƙwalwa ce ya ci maki. Wanda ya ce iska ce ko sammu, sai a jefa shi layin marasa sani. A ganina wannan awo bai kama abin da ya fi muhimmanci ba, musamman a wurare irin Gwarzo da Kabo, inda ganin likitan ƙwaƙwalwa ke nufin kuɗin mota zuwa Asibitin Malam Aminu Kano da asarar yini guda.

Ɗauki mutum biyu. Na farko a Getso yake, ya yarda aljani ne ya shafe shi, yana zuwa ruƙiyya, amma bai taɓa tsallake ƙwayarsa ba. Na biyu a Garo, ya yi sakandare, zai gaya maka cewa saƙonnin lantarkin ƙwaƙwalwa ne ke rikicewa, amma da ya yi wata uku bai faɗi ba sai ya ajiye magani, wai ya warke. Takarda za ta ce na biyu ya fi sani. Alhali shi ne ke cikin haɗari, domin yanke phenobarbital ko carbamazepine farat ɗaya na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan suka samu magani daidai. Wannan “daidai” ɗin ita ce ba a cika tambaya a kai ba. Shin matar da ke shan sodium valproate ta san yana iya nakasa ɗan tayi, don haka sai ta ga likita kafin ta ɗauki ciki? An gaya wa mai shan carbamazepine cewa yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a hannu? Mutanen gida sun san cewa jijjiga in ta wuce minti 5 sai asibiti, kuma ba a cusa cokali a baki ko a ɗura ruwa? Girki a murhu, jan ruwa a rijiya, wanka a dam: a nan ake ƙonewa, a nan ake nutsewa.

Ita kanta kalmar tana da nata cikas. Bahaushe in ya ji “farfaɗiya”, faɗuwa da kumfar baki yake gani. Yaron da ke ƙura ido na daƙiƙa goma a aji, ko matar da ke taune-taune tana murza zane ba ta san inda take ba, ba wanda zai kira nasu da wannan suna. Ka tambaye su ko suna da ita, su ce a'a, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Ban ce a bar batun iska ba. Yana jinkirta zuwa asibiti, kamar yadda tsoron cewa ana ɗaukar cutar ta yawu ke sa a gudu a bar mutum kwance, alhali ba a ɗauka. Amma idan maras lafiya bai san ƙa'idar maganinsa ba, kafin a rubuta cewa ba shi da sani, a fara tambaya: minti nawa aka ba shi a ɗakin likita, kuma wa ya yi masa bayani ranar da aka miƙa masa ƙwayar a leda ba ko suna a jiki?