Sunan 'Yar'aduwa da Kuskuren Ɗaukar Sunan Rajista a Matsayin Salsala

Akwai wata al'ada da ta fara kama jiki a kundayen ɗalibai masu nazarin sunaye, watau ɗaukar sunan ƙarshe na Bahaushe a matsayin shaidar zuri'a, kamar yadda ake yi wa sunayen Turawa. Wannan ra'ayi yana da rauni, kuma sunan 'Yar'aduwa na birnin Katsina ya isa misali.

Asalinsa sunan unguwa ne a cikin birni, kuma ƙirar kalmar ta nuna daga itaciyar aduwa aka samo shi. Mutane da yawa sun zauna a unguwar, amma sunan ya bi wani gida har ya zama gado: gidan Matawallen Katsina Musa 'Yar'aduwa, Ministan Harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko, mahaifin Janar Shehu wanda ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997, da Umaru wanda ya shugabanci Nijeriya daga 2007 zuwa 2010. Saboda haka ƙarancin masu amsa sunan ba ya nuna ƙarancin dangi. Abin da yake nunawa shi ne wanda alƙalamin hukuma ya fara rubutawa. Har rubutun "Yar'adua" da ya yaɗu, wanda ya yar da harafin w, daga takardun Ingilishi ya fito.

A da, Bahaushe yana da sunan yanka da laƙabi da sunan uba, kuma sunan uba yakan sauya daga tsara zuwa tsara. Makarantar boko ce ta buƙaci suna mai zama daram. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, da garuruwansu ake bambanta ɗalibai masu suna iri ɗaya. Abubakar ya tafi da Tafawa Ɓalewa har ƙarshen rayuwarsa, Ahmadu Raba kuwa ya ajiye nasa ya koma Ahmadu Bello.

Abin mamaki shi ne, ko a Turai ɗin da ake kwaikwayo lamarin bai tafi a miƙe ba. Yawancin Yahudawan ƙasashen da ke magana da Jamusanci da sunan uba ake kiransu, sai da Sarki Joseph na Biyu na Ostiriya ya tilasta musu ɗaukar sunan iyali a 1787, Furushiya kuma ta biyo baya a 1812. Wasu daga cikin waɗanda suka riga dokar ma daga wuri suka samo nasu: Oppenheimer daga garin Oppenheim, Rothschild daga jan allon da ke alamta wani gida a Frankfurt, kusan yadda itaciya ta alamta unguwa a Katsina.

Haɗarin a nan na tarihi ne. Ɗalibin da ya bi sunan rajista zai haɗa waɗanda unguwa kaɗai ta haɗa, ya raba wa da ƙani don ɗaya ya rubuta sunan gari, ɗaya na uba. Mai neman salsalar gidajen Katsina, wajen dattawan unguwa da maroƙa da masu riƙe da sarautun gida ya kamata ya fara zuwa, kafin ya buɗe rajistar makaranta.