Masu Gadin Teku na Cape Town

A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu akwai wata ƙungiya mai suna Shark Spotters, wadda ta fara aiki a bakin tekun Muizenberg a shekarar 2004. Aikinta shi ne hango kifin shak kafin ya kusanci masu iyo. Mai gadi yana zama a kan tsaunin da ke kallon gaɓar False Bay, da madubin hangen nesa da tabarau mai rage ƙyallin ruwa, abokinsa kuma yana ƙasa, suna magana ta rediyo.

Yanayi ne ke juya aikin. Da bazara iskar kudu maso gabas tana kaɗawa da ƙarfi, ruwa ya gurɓace, ido ya kasa ratsa shi. Nan gaskiyar ƙungiyar take bayyana: sai a ɗaga baƙar tuta, ma'ana ba a gani sosai, kowa ya shiga da sanin haka. Koriyar tuta na nufin ruwa garau ne, ja kuwa gargaɗi ne. Idan an hango kifin, sai jiniya ta tashi, a ɗaga farar tuta, jama'a su fito.

A bakin tekun Fish Hoek kuma, ma'aikatan ƙungiyar suna shimfiɗa raga da safe su naɗe ta da yamma, don kare masu wanka ba tare da kashe kifin ba. Zaman sa'o'i cikin rana da iska ana zuba wa ruwa ido aiki ne na masu haƙuri, kuma sun cancanci jinjina.