Masu karanta launin Bahar Maliya

Da hantsi, idan jirgin masunta ya bar gaɓar Fot Sudan ya nufi Sanganeb, wani tsibirin murjani mai nisan kilomita 25 daga tudu, baƙo kan rasa inda zai ajiye idonsa. Nan ruwa shuɗi ne sosai, kamar turmin da ya daɗe a rijiyar baba. Can ya koma ruwan bula, gaba kaɗan tsanwa shar, sai kuma wani faci mai ruwan ƙasa. Baƙo na ta tasbihi yana ɗaukar hoto. Matuƙin da ke tsaye a goshin jirgi kuwa karatu yake yi, domin kowane launi yana gaya masa zurfin ruwa da abin da ke kwance a ƙarƙashinsa.

Asirin yana cikin hasken rana. Ruwa yakan fara shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, ya bar shuɗi ya nutsa can ƙasa. Shi ya sa wuri mai zurfi yake yin shuɗi mai duhu. Inda farin yashi ya matso kusa, haske yakan doke shi ya dawo, sai ruwan ya yi tsanwa mai haske. Kore mai duhu ciyawar teku ce. Ruwan ƙasa ko ruwan ɗorawa kuwa dutsen murjani ne dab da saman ruwa, wanda Larabawan gaɓar ke kira sha'ab, kuma yana iya farke cikin jirgi kamar wuƙa a kabewa. Da yake babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba laka a Bahar Maliya, ruwanta garau yake, rubutun ya fito raɗau.

Amma karatun yana da sharuɗɗa. Gwani ba ya shiga tsakanin murjani sai rana ta ɗaga, kuma tana bayansa. Idan ta dawo gabansa da yamma, ruwa yakan zama madubi, launi duk ya ɓace. Yakan tura yaronsa ya hau wuri mafi tsayi a jirgin, saboda daga sama aka fi ganin ƙasa. Yaron ba ya yawan magana: hannu zai miƙa dama ko hagu, mai riƙe da akalar jirgi ya bi. Idan baƙin tabo ya bayyana a gaba, sai a rage gudu a zuba masa ido. In ya motsa, inuwar gajimare ce. In ya tsaya cak, dutse ne, a kauce.

Wannan ilimi ya daɗe yana ceton rai. Maniyyata daga ƙasar Hausa da suka shafe watanni, wasu ma shekaru, suna ratsa Chadi da Sudan a ƙasa, sukan ƙare a Sawakin, garin da aka gina gidajensa da dutsen murjani. Daga nan jiragen katako masu tafiya da iska ke tsallakar da su Jidda, ta ƙunƙuntar mashiga da murjani ya yi wa shinge. Wannan ƙuncin na cikin abin da ya sa Turawan Ingila suka fara gina Fot Sudan a 1905 domin manyan jirage.

Yau akwai na'urar auna zurfi, amma abin da ke ƙarƙashin jirgi kaɗai take faɗa. Ido ne ke hango na gaba. Shi ya sa masu kai baƙi nutso a Sanganeb, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016, sukan tsayar da ɗan gaɓar a goshin jirgi, hannunsa ɗaya yana kare rana, ɗayan yana nuna hanya.