Gwanin Jinga

Idan damina ta nutsa, Agusta ya kama, manomin fadama a Jajaye da sauran ƙauyukan Rogo da Ƙaraye barcinsa rabi ne, kunnensa na rafi. Abin da ya raba shinkafarsa da ambaliya shi ne jinga, tudun ƙasar nan da ake ja a bakin ruwa. Wanda bai sani ba sai ya ce ai tara ƙasa ne kawai. Ina!

Tun da rani gwanin jinga yake fara aiki. Zai bi gaɓa yana duban itatuwa, tarkacen da ruwan bara ya maƙala a rassa shi zai nuna masa inda ruwa ya kai, sai ya ɗora tsayin jingarsa sama da nan. Sannan ya kankare ciyawa da saiwa daga inda zai kafa ta, don duk abin da ya ruɓe a ƙarƙashi ƙofa ya buɗe wa ruwa. Rairayi ba ya shiga, laka mai danƙo ake nema. Na ga wani dattijo ya jiƙa ƙasa ya murza ta a tafin hannu, ta ƙi yin igiya, ya watsar. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Ɗana, wannan shan ruwa za ta yi, ba tare shi ba."

Ranar gayya kuwa ba a jibga ƙasa gaba ɗaya. A zuba kaɗan, a yayyafa ruwa, a daɓe, a ƙara. Gindi da faɗi, kai a tsuke. In da buhuna za a yi, ba a cika su fam, don su kwanta su rungumi juna, kuma a jera su kamar bulo, na sama ya danne mahaɗar na ƙasa biyu. A dasa gamba ko jema a jiki. Abin da ya fi burge ni shi ne mafitar da ake bari, don ruwan saman da ya taru cikin gona ya samu hanyar komawa rafi.

Ilimin nan ya girmi dam. An gama na Tiga a 1974, na Challawa da ke Ƙaraye a 1992, kuma gefen manyan hanyoyin ban ruwa na Kadawa da Kura jinga ce da injin ya daɓe. Dam ɗin Bagauda da ya ɓalle a 1988 ya nuna wa Kanawa abin da tarin ruwa ke yi in ya samu kafa. Can gangare, mutanen Auyo da Haɗeja, inda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, har yau da buhu da shebur suke tsare garuruwansu.

Daren da rafi ya kawo, za ka ga gwanin da tocila yana bin bayan jingar, yana neman ramin gafiya. In ya ga tsattsafo garai, sai ya sa alama ya wuce. In ya ga ruwan ya fito da laka, to ƙasa yake yashewa daga ciki, nan take zai ƙwala kira a kawo buhuna.