Ku Zo Dawanau Ku Sha Kallon Zane

Duk mai cewa ba a zane a ƙasar Kano, to bai taɓa tsayawa a Dawanau ya ɗauke idonsa daga kan buhu ya ɗora a kan mota ba. Wallahi akwai matasa a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa da ke yin aikin da ya isa a rataye shi a kowane zauren baje kolin zane na duniya. Su dai allonsu shi ne ƙyauren bayan babbar mota, kuma kafin ka ƙoshi da kallo direba ya ba ta wuta ta nufi Maraɗi.

Kowa ya san Dawanau da hatsi. Tun da aka kafa kasuwar a 1985 a kan hanyar Katsina ta zama matattarar gero da dawa da masara da wake da riɗi da zoɓo, har ana yi mata kirari da babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma. Inda hatsi ya taru kuwa, mota ba ta yankewa: roka mai bodin katako, da DAF, da tirela, wasu daga Nijar, wasu daga Chadi da Kamaru, wasu sun yi lodi za su gangara Legas. Direban babbar mota yana ji da bayan motarsa, domin shi ne abin da duk wanda ya biyo shi a hanya zai yi ta kallo. Shi ya sa ko an sake bodi an fesa sabon fenti, a wajensa aiki bai ƙare ba sai mai zane ya sa hannu.

Zanen mota ba baƙon abu ba ne, mun taso mun tarar da shi: zaki, da gaggafa, da ɗawisu, da dagin Arewa, da koren ƙubbar masallacin Madina, da hotunan shehunnai, ga rubutu a sama, "Allah gatan kowa" ko "Haƙuri maganin zaman duniya". Abin da ya sa nake ta zumuɗi shi ne sabon hannun da ya shigo sana'ar. Yaran nan na yanzu sun ɗaga ta sama!

Ga misali, zakin da na gani a bayan wata roka da ke jiran lodin wake. Zakin da muka saba gani a tsaye yake ƙiƙam, kala ɗaya tun daga kai har wutsiya, an zagaye shi da baƙin layi. Wannan kuwa a kwance yake, ya miƙe ƙafafun gaba, ya ɗan karkata kai, ido ɗaya a lumshe. Gezarsa kaɗai ta ci kala huɗu: ruwan ƙasa mai duhu daga ciki, ja-ja a tsakiya, rawaya a baki-baki, sannan ɗan fari-fari a inda rana ta taɓa. A ƙarƙashin haɓarsa an sa inuwa da shuɗi. Da shuɗi fa! Wa ya gaya wa yaron nan cewa idan aka yi inuwa da shuɗi a kusa da rawaya, rawayar sai ta ƙara haske? Kuma duk wannan a kan katako ne mai tsagi-tsagi da kawunan ƙusoshi, ga sarƙa ta ratsa ta tsakiya. Ya lissafa komai, ya kauce wa tsagin yadda idon zakin bai faɗa a kan mahaɗar katako ba. Na ja da baya na kalla, na matso har ina jin warin fenti na sake kalla, ko ta ina abin ya zauna daram.

Da na yi cigiya aka nuna mini mai aikin, wani saurayi siriri da bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, yana kan benci a bayan wata motar, riga duk ɗigon fenti. Na tsaya na zuba masa ido. Kayan aikinsa ba su cika jakar leda ba: gwangwanayen fentin mai guda biyar, ja da shuɗi da rawaya da fari da baƙi, sai gwangwanayen madara da yake haɗa kala a ciki, da 'yar gorar tina, da alli, da tsumma, da burushi huɗu ko biyar, ɗaya ma shi ya rage masa gashi da reza don ya samu siririn layi. Kore da ruwan goro da ruwan hoda duk shi yake haɗa abinsa. Da alli yake fara fitar da siffa, sau ɗaya, ba ya gogewa. Sai ya shimfiɗa kaloli masu haske, ya bi su da masu duhu, baƙi ne ƙarshe. Wanda bai taɓa riƙe burushi ba ba zai san wuyar fentin mai a jikin abu na tsaye ba: ka tsinka shi da yawa ya zarto, ka bar shi da kauri burushi ya ƙi tafiya, ga ƙurar hunturu tana jiran ta manne masa. Shi kuwa yana ja yana hira da karen mota, hannunsa ko rawa ba ya yi.

Na ce masa, "Ƙanena, a ina ka koyi wannan?" Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ogana ne ya koya mini riƙe burushi, sauran kuma a waya nake gani ina gwadawa." Ya buɗe wayar ya nuna mini abin da yake yi da dare da biro a kan kwali. Nan ne fa na rasa bakin magana. Wata tsohuwa ce mai ginin tukwane, sana'ar da aka san Dawakin Tofa da ita tun kaka da kakanni. Ta sunkuya a kan randa, yatsunta sun nutse a cikin yumɓu, jijiyoyin bayan hannunta sun fito raɗau, duk da shuɗin biro kawai. Akwai ɗan dako da buhu a wuya, ana ganin nauyin a yadda ya kafa ƙafa. Akwai dokin hawan sallah da lifidinsa. Babu ko ɗaya da ya kwafo daga fim ɗin Indiya ko na Amurka.

Wannan shi ne abin da ya fi burge ni da matasan nan. Dabarar inuwa da haske a intanet suke tsintarta, amma abin da suke zanawa na gida ne: Bafulatana da ƙwaryar nono, da rumbu, da amalanke, da furen zoɓo da yanzu ya fara ture fulawoyin da aka saba yi a gefen bodi. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiya a kan wannan manufa, cewa a karɓi dabarar waje a yi zanen gida da ita, kuma da haka suka yi suna a duniya. Ga shi yaran Dawanau da Kwa da Tumfafi sun kama hanya ɗaya da su ba tare da sun zauna a aji an karanta musu ba.

Akwai kuma waɗanda ba sa zana abu mai rai, don suna bin fatawar malaman da suka hana, kuma kada wani ya zaci nasu aikin ya gaza. Wasunsu tsangaya suka yi, hannunsu ya saba da zayyanar allo, sai suka kwaso ta suka zuba a jikin mota: dagi cikin dagi, da sarƙar kusurwoyi ja da kore da rawaya, da rubutun Larabci mai kauri irin na warash. Na ga wata tirela da aka zagaye sunan Manzon Allah (SAW) da irin wannan ado, tsabar kyau har masu shayi sun taso suna kallo. A ganina babu inda zayyana ta samu fili ta wala irin nan.

Kada a raina mafarin nan. Chéri Samba na Kinshasa da rubuta allunan talla ya fara, kuma tun da aka nuna aikinsa a babban baje kolin Faris a 1989 manyan gidajen tarihi ke neman zanensa. Motar haya ta Dakar mai ado, wadda ake kira car rapide, an ɗauki guda sukutum an girke ta a gidan tarihin Musée de l'Homme a Faris. Mutanen Fakistan kuwa sun mai da adon babbar mota abin alfaharin ƙasa. A nan gida ma muna da Mustapha Bulama, wanda zanen barkwancinsa a jaridar Daily Trust ya nuna wa yaran Arewa cewa alƙalamin zane yana kai mutum nesa.

Abu biyu ne ke damuna, kuma ƙauna ce ta sa zan faɗa. Na farko injin buga bana da sitika: yau mai shago ko mai adaidaita sahu yana kai hoto a buga masa cikin awa guda, da araha, sai aikin hannu ya ragu, alhali ita banar ba ta daɗewa rana take cinye ta, fentin mai kuwa yana shekaru. Na biyu, da yawa daga cikin yaran nan ba sa sa sunansu. Iyaka wani ya rubuta lambar waya ƙanana a kusurwa, wani ko ita babu. Ku sa suna, 'yan ƙannena, ku sa shekara, ku ɗauki hoton kowane aiki kafin mota ta tashi!

Masu hali kuma da ke son zane, kuɗin da za ku kashe a kan hoton bango na kanti ya isa ku ba ɗaya daga cikin yaran nan falle na katako ko yadi ya yi muku abin da babu irinsa a gidan kowa. Ina kuma fatan Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano za ta sayi ƙyauren mota ko da guda uku, idan an zo sake bodi, ta ajiye a Gidan Ɗan Hausa da sunan mai zanen a jiki. Wanda zai je kallo ya yi sammako, kafin rana ta take a fara lodi, ya bi layin motocin ta baya, ya kuma tambayi 'yan kamasho inda masu fenti suke zama, za su nuna masa.