Ƙidayar Hadari a Ƙasar Maraɗi: Sharhi kan Hanyoyin Awo

Manufar wannan sharhi ita ce nuna cewa alƙaluman da ake kwatanta yawan hadari da su, tsakanin wannan yanki da wancan, sukan bayyana halin ma'aunin fiye da halin sararin sama. Za mu ɗauki Gidan Amumune, a gundumar Mayahi, a matsayin misali.

Hanya ta farko ita ce ƙirga ranakun da aka ji tsawa. Wannan tana buƙatar ma'aikaci mai tsaro dare da rana, kamar a tashar filin jirgin Maraɗi. Ƙauyen da ba shi da mai rubutawa sai ya fito a taswira tamkar hadari ba ya zuwa can.

Ta biyu ita ce ma'aunin ruwa da ake dubawa sau ɗaya kowace safiya. Hadari biyu a yini guda sai su zama ɗaya, wanda kuwa ya ratsa lokacin dubawa ya zama biyu. Bugu da ƙari, shirin EPSAT-Niger, wanda ya kafa ma'aunai kimanin 100 a kewayen Yamai daga 1990, ya nuna cewa ruwan damina guda kan bambanta ƙwarai a tazarar kilomita 10. Ke nan ma'aunin Tasawa ko na Mayahi ba zai yi shaidar abin da ya sauka a Gidan Amumune ba.

Ta uku ita ce tauraron ɗan'adam Meteosat, mai auna sanyin saman gajimare. Da shi ne Christopher Taylor da abokansa suka nuna, a 2017, cewa manyan hadura mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau 3 tun 1982. Binciken yana da nauyi, amma gajimare ya ƙirga. Inda iska ta bushe, wani ruwan kan ƙafe tun bai taɓa ƙasa ba, kuma ƙananan hadura ba sa shiga lissafin.

Lamarin ya wuce gardamar malamai. Irin waɗannan alƙaluma suna cikin abin da ake dubawa wajen hasashen amfanin gona da tantance garuruwan da ke buƙatar agaji. Manomin da geronsa ya ƙone bayan shuka, alhali takarda ta ce an yi ruwa, shi ke ɗaukar asarar.

Don haka, wajibi ne mai nazari ya faɗi abin da yake kira hadari, da hanyar da ya ƙirga shi, kafin ya ce wani yanki ya fi wani.