Ƙaddara, Hauka da Ajali: Hamlet da Jiki Magayi

Ran nan muna karatun Jiki Magayi da 'yan ajinmu a nan Illela, da muka kai inda Kyauta ya kashe ubansa, sai wani yaro ya ce, "Ai malam, ƙaddara ce." Muka ce to, amma wa ya yi wa ƙaddarar nan sirdi?

Littafin nan John Tafida Umaru da Dakta East suka rubuta shi a Zariya, zamanin gasar rubutu ta 1933. Malam Shaihu, attajirin Galma, ba shi da ɗa. Ya yi mafarki Zainabu za ta haifa masa, ya sa dukiya ya raba ta da Abubakar. Abubakar kuwa ya bazama neman asiri, ya yi wa ɗan da aka haifa sammu, Kyauta ya tashi ɓarawo, har wani dare ya shiga sata ya halaka mahaifinsa bai sani ba.

Turawa ma suna da irinsa. Wajen 1600 Shekisfiya na Ingila ya rubuta wasan Hamlet, ɗan sarkin Danmak, wanda ƙanen ubansa ya ɗiga wa uban dafi a kunne, ya gaje sarauta da matar. Fatalwar uban ta umurci ɗan ya rama. Hamlet ya shiga haukan ƙarya don ya gane gaskiya, ya yi ta jinkiri, ran da ya zare takobi kuwa sai ya soke tsoho Foloniyas a bayan labule, yana zaton sarki ne. Ofiliya 'yar tsohon ta haukace hauka na gaske, ruwa ya ci ta. Kafin wasa ya ƙare mutum 8 sun mutu, har da Hamlet, mulki ya faɗa hannun ɗan sarkin Norwe.

To, ku duba. Hamlet da Kyauta duk sun kashe wanda ba su nufa ba, ɗaya labule ya tsare masa ido, ɗaya duhu. Amma haukan Hamlet riga ce da ya ɗinka wa kansa, watau yana da zaɓi, saboda haka jinin Foloniyas yana wuyansa, shi ma ya sani. Na Kyauta kuwa ɗora masa aka yi tun yana ƙarami. A ganinmu nan ne Jiki Magayi ya yi rauni, gama wanda sammu ke ja kamar raƙumi da akala, muna jin tausayinsa, amma ba mu ganin kokawar zuciyarsa. Mai kokawar Abubakar ne, da ma mawallafan sun ƙara zama da mu a cikin ransa.

Sai dai wuri guda littafinmu ya fi ban tsoro. Hamlet ya sami sarki ya kashe, ko ba kome ya huce. Abubakar bai taɓa maƙiyinsa da hannu ba, jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba ya zaɓa. Zainabu kuma, wadda duk rigimar a kanta aka yi, juya ta aka yi ta yi, kamar dai Ofiliya da ubanta da wanta suka yi ta juyawa. Da muka tambayi yaron nan wa ya ƙaddara wa Zainabu auren, ya yi shiru, can ya ce, "Kuɗin Malam Shaihu."